Wasan Kwaikwayo na Shaida: Misali Daga Garin Larami

Manufar wannan 'yar maƙala ita ce bayyana wani nau'in wasan kwaikwayo wanda marubuci ba ya ƙaga wa 'yan wasa magana, sai dai ya tattara abin da mutane suka faɗa da bakinsu, da takardun kotu, ya tsara su. Za mu kira shi wasan kwaikwayo na shaida, misalinmu kuwa shi ne The Laramie Project.

A watan Oktoba na 1998, a bayan garin Larami da ke Jihar Wayomin ta Amurka, wasu samari biyu suka yi wa wani ɗalibin jami'a, Matthew Shepard, ɗan shekara 21, dukan kawo wuƙa, suka ɗaure shi a jikin shinge. Sai bayan kimanin awa 18 wani mai keke ya gan shi, har ya zaci mutum-mutumi ne. Ya rasu ran 12 ga watan. Shepard namiji ne mai neman maza, saboda haka aka ɗauki kisan a matsayin laifin ƙiyayya. An yanke wa samarin ɗaurin rai da rai.

Moisés Kaufman da ƙungiyarsa, watau Tectonic Theater Project, sun je garin sau 6, suka yi hira fiye da 200. Aka fara nuna wasan a Denba a 2000, inda 'yan wasa 8 suka fito a matsayin mutum sama da 60: limaman coci, 'yan sanda, likitoci da malaman jami'a.

Abin lura shi ne, ba a nuna Shepard a dandali, balle dukan da aka yi masa. Garin ne kansa tauraron wasan. Wasu mazauna sun ce al'adarsu ita ce kowa ya yi harkar gabansa. Amma masu hali irin na Shepard sun ce wannan zaman lafiya bai samu ba sai da suka ɓoye kansu. Ta jera waɗannan maganganu kusa da juna, wasan ya nuna yadda ƙiyayya ke kwanciya cikin hirar yau da kullum tun kafin ta kai ga zubar da jini.

Sai dai kada manazarci ya manta cewa marubuci ne ke zaɓen muryar da za a ji da wadda za a bari. Ƙungiyar ta koma garin bayan shekara 10, ta tarar wasu na cewa fashi da ƙwaya ne suka jawo kisan, ta kuma sa wannan gardama a wasa na biyu a 2009, shekarar da Amurka ta kafa dokar laifukan ƙiyayya mai ɗauke da sunan Shepard.