Ledar da Aka Ce Tana Ruɓewa, Wa Ya Gwada Ta?

Wasu manyan kantuna sun fara zuba wa mutane kaya a leda mai hoton koren ganye, an rubuta a jikinta cewa tana ruɓewa da kanta. Shi ke nan, masu zubar da shara sun samu hujja. Mutum ya juye kayansa ya wurga ledar cikin kwata, in ka yi magana ya ce ai narkewa za ta yi. Wa ya gaya maka, Malam?

An gwada abin a Jami'ar Plymouth ta Ingila. Masu bincike sun binne irin waɗannan ledoji a ƙasa, suka tsoma wasu a teku. Sakamakon da suka fitar a 2019 ya nuna cewa bayan shekara 3, ledar da ake ce wa mai ruɓewa tana nan daram, har ana iya cika ta da cefane a ɗauka.

Leda mai ruɓewa ta gaske tana da jarrabawarta. A Turai ƙa'idar ita ce EN 13432: kashi 90 cikin ɗari na ledar ya ruɓe cikin wata 6, bayan ta yi mako 12 a cikin taki kuma a tankaɗe takin da rariya mai ƙofar milimita 2, abin da ya rage kada ya wuce kashi 10. Sannan a yi shuka a takin a ga ko akwai guba. Amma fa a zafin kusan digiri 58 ake wannan gwaji, irin na masana'antar yin taki. Kwatar unguwarku ba ta da wannan zafi. Ko robar PLA da ake yi da masara, a can za ta zauna ta toshe hanyar ruwa, damina ta zo a yi ta salati. Akuya ma in ta haɗiye ta, cikinta bai san koren ganye ba.

Wadda aka rubuta wa "oxo" kuwa dagargajewa kawai take yi ta bi ƙasa, shi ya sa Tarayyar Turai ta haramta ta tun 2021.

Ɗan kasuwa mai sarin leda, kada hoton ganye ya ruɗe ka. Nemi lambar EN 13432 ko ASTM D6400 ta Amurka, ka kuma ce dillali ya nuna maka takardar gwaji. Kai kuma mai saye, ko da lambar, ninke ledarka ka sake zuwa kasuwa da ita, in ta yage ka sa ta a kwandon shara.