Ganin shago kafin a buga ƙusa: hoton kwamfuta da ranar Garwa

Saɓani tsakanin mai shago da kafinta ya daɗe. Alhaji zai ce a yi masa kanta irin ta wane, kafinta ya ce ya gane. Bayan mako biyu a kawo katako an yanka an haɗa, sai a tarar kantar ta cinye hanya, mutum biyu ba sa iya gilma wa juna. Kuɗi sun riga sun tafi, katakon da aka yanka kuwa ba ya komawa. A gari irin Garwa, inda kasuwanci ke gudana tsakanin 'yan kasuwar Arewacin Kamaru da na Yola da Mubi da Chadi, wannan asara ce da za a iya kauce mata, domin yau ana iya gina shago a cikin kwamfuta, a shiga a duba, kafin a sayi buhun siminti ɗaya.

Mai zana shago a kwamfuta yakan fara da tef ɗin awo: tsawo, faɗi, tsayin silin, inda ƙofa da taga suke. Sai ya ɗora bango da kantoci a manhaja irin SketchUp, ko Blender wadda kyauta ce tun 2002. Daga nan ya gaya wa kwamfuta halin kowane abu: tayil yana sheƙi, katako yana shanye haske, gilashi yana barin sa ya wuce. Mataki na ƙarshe shi ne mai cin lokaci. Kwamfuta tana bin layukan haske daga idon mai kallo, kowane layi ya bugi bango, ya karkata zuwa kanta, har ya kai ga ƙwan lantarki ko rana, a kowane ɗigon hoto sau ɗaruruwa. Turner Whitted ne ya bayyana tushen wannan dabara a Amurka a 1980. Hoton yakan fara fitowa da dishi-dishi kamar an watsa masa yashi, sannan ya washe a hankali. Kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya yi nisa a wannan hanya, har ya zuwa 2014 kusan kashi 75 cikin ɗari na hotunan kayansa kwamfuta ce ta haɗa su.

Abin da ke damuna shi ne irin hoton da ake sha'awa. Shago mai gaban gilashi daga sama har ƙasa, fari fat, riguna biyar rataye nesa da juna. Wannan shagon Dubai ne ko Faris. A Garwa, a watan Maris da Afrilu, zafi kan haura digiri 40. Gilashin da ya kalli yamma zai dafa mai shago da la'asar, ya kuma koɗar da launin yadi. Alhali manhajar tana iya faɗin gaskiya idan an tambaye ta: a sa mata wurin da garin yake, kimanin digiri 9 arewa da tsakiyar duniya, a zaɓi wata da sa'a, za ta nuna inda rana za ta faɗa da ƙarfe huɗu, da faɗin rumfar da za ta tare ta. Haka batun ƙurar hunturu. Baƙin tayil mai ƙyalli yana da kyau a hoto, amma yaron shago ne zai yini yana goge shi.

Mai sayar da atamfa da shadda ya fi kowa buƙatar wannan gwaji. Kowa ya san yadda mace kan ɗauki turmi ta fito bakin ƙofa, ta buɗe shi a rana, don ba ta yarda da launin da ta gani a ciki ba. Tana da gaskiya. Ƙwai mai digirin kelbin 2700 haskensa ja-ja ne, yana dusashe shuɗi. Mai 6500 fari ne mai sanyi, yana kashe armashin ja da ruwan goro. A kwamfuta ana iya jera turame har silin, yadda ɗan kasuwarmu ke jera su don a san yana da kaya, a sauya ƙwai ɗaya bayan ɗaya a gani. A kuma kashe wutar gaba ɗaya. Lantarkin yankin ya daɗe yana dogara da madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai, wadda aka kammala a 1982, kuma idan ruwa ya ja baya ana ɗanɗana ɗauke wuta. Shagon da ke zama duhu da rana tsaka idan babu janareta, gara a san haka tun yana hoto.

Matasan da za su yi aikin suna nan. Akwai makarantar koyon injiniyanci a Jami'ar Marwa, ga Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022. Kwamfuta mai ƙarfi tana da tsada, amma ƙaramin shago ba ya buƙatar babbar na'ura, haƙuri kawai yake so.

Shawarata ga mai shago: kada ya karɓi hoto shi kaɗai a WhatsApp. Ya nemi zane mai awo a santimita, ya kira kafinta da mai walda da mai haɗa wuta su zauna tare da mai zanen, kowa ya faɗi ko kayan da aka nuna ana samun su a babbar kasuwar Garwa, da nawa za su ci.