Koyon Kaɗa Piyano Da Hannu Biyu: Da Wace Waƙa Za A Fara?

A wannan fitowa ba zancen taki ko irin albasa na kawo muku ba. Wani abu ne na gani a wajen aiki, ya tsaya mini a rai.

Aikina yakan kai ni garuruwan Boɗinga da Shagari, a kan hanyar Sakkwato zuwa Jega. Ikkilisiyoyinmu na wannan yanki ƙanana ne, yawancin membobi kuwa aiki ne ya kawo su: malaman makaranta, 'yan sanda, ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa. A wata majami'a, Zumuntar Mata suka yi ta tara kuɗi har suka sayi ƙaramin piyano mai aiki da batir, wanda matasa ke kira kibod. Mai kaɗa musu ɗan bautar ƙasa ne. Da shekararsa ta cika ya koma gida, sai aka lulluɓe piyanon da zane aka jingine. Akwai yara uku da ke iya lalubo muryar waƙa da yatsa ɗaya, amma da zarar sun sa hannun hagu sai kome ya rikice. Suka yanke cewa kiɗa da hannu biyu baiwa ce da ba a ba su ba.

Ni ban yarda ba. Kaɗan na koya a kwalejin horon malamai, amma ya isa in gane inda matsalar take. Sun fara da waƙoƙin da suka fi ƙarfinsu ne.

Ku dubi makaɗin kalangu. Hannu ɗaya yana riƙe da makaɗi, ɗayan yana matsa tsarkiya domin murya ta hau ko ta sauka. Mai gurmi haka, hagu na danna tsarkiya, dama na bugawa. Mata ma idan suna lugude sukan jefa taɓarya sama su tafa hannu su cafe, ba wadda ta ɓata ƙidaya. Ashe raba wa hannu biyu aiki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Sai dai ba wanda ya iya shi a rana ɗaya.

Sanin haƙoran piyano

Wani mutumin Italiya, Bartolomeo Cristofori, shi ya fara ƙera piyano wajen shekara ta 1700. Babban piyano yana da haƙora 88, farare 52, baƙaƙe 36. Irin namu na majami'a yawanci 61 ne, kuma sun isa. Ku lura baƙaƙen a jere suke bibbiyu da uku-uku. Farin da ke gefen hagu na baƙaƙe biyu shi ne C, a nan za mu aza do. Daga nan sai re, mi, fa, so, la, ti, a kan fararen da ke biye, yadda 'yan mawaƙa suka saba rerawa.

Yatsu kuma suna da lamba. Babban yatsa shi ne 1, ƙaramin yatsa 5, a kowane hannu. Ka aza babban yatsan dama a kan do na tsakiya, sauran huɗun su zauna a kan re, mi, fa, so. A hagu kuwa ƙaramin yatsa ne zai hau do na ƙasa, babban yatsa ya hau so. A nan rikicin farko yake. Sa'ad da dama ta taɓa do da yatsa na 1, hagu da na 5 za ta taɓa. Yatsan tsakiya ne kaɗai suke haɗuwa, a kan mi.

Waƙoƙin fari

A fara da waƙar da ba ta wuce muryoyi biyar ɗin nan ba, domin kada hannu ya tashi daga mazauninsa. Hannu biyun su kaɗa abu ɗaya daidai, kamar miji da mata suna rera waƙa ɗaya, shi da babbar murya, ita da ƙarama. Wannan ba dabarata ba ce. Béla Bartók, mutumin Hangari, ya rubuta darussa 153 da ya kira Mikrokosmos tsakanin 1926 da 1939, littattafan farko kuma ɗansa ya rubuta wa. Darussan da ya buɗe da su duka haka suke, hannu biyu a kan murya ɗaya.

Waƙar da na fi so a wannan mataki ita ce muryar farin ciki da Beethoven ya sa a ƙarshen babban kiɗansa na tara a 1824, wadda ikkilisiyoyi da yawa suka mai da waƙar sujada. Kusan dukanta tana cikin do zuwa so, tana hawa da sauka taki ɗaya-ɗaya. Wuri ɗaya tak take gangarawa zuwa so na ƙasa. Gajerun korus na Makarantar Lahadi su ma da yawa haka suke. Ka rera su da do re mi tukuna, in ka ga ba su wuce so ba, to sun dace.

Akwai wata hanya da yara ke murna da ita. Baƙaƙen haƙora kaɗai suna ba da muryoyi biyar, irin jerin da yawancin waƙoƙinmu na gargajiya suke tafiya a kai. Muryar "Amazing Grace" ma a kan baƙaƙen kaɗai ake iya kaɗa ta duka. Ka bar yaro ya lalubo waƙoƙin Zumuntar Mata a can da kunnensa.

Waƙar da mutum ya riga ya sani ita ce malaminsa, gama in ya yi kuskure kunnensa zai faɗa masa. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, ɗan wannan ƙasa, ya san ƙarfin waƙa wajen koyarwa. Tun yana malamin makaranta, kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979, ya tsara Waƙar Nijeriya domin a haddace labarin ƙasa da baki.

Lokacin da hagu za ta kama nata aiki

Bayan mako biyu ko uku, sai a raba aikin. Dama ta ci gaba da muryar waƙa. Hagu ta danna do da so tare, da yatsa na 5 da na 1, ta riƙe har a ƙidaya huɗu, sa'an nan ta sake dannawa. Shi ke nan aikinta. Mai koyo ya ƙidaya da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya san hagu a kan ɗaya kawai take sauka. In ya gagara, a rufe piyanon a koma kan benci: dama ta buga sau huɗu, hagu sau ɗaya, har jiki ya saba.

Daga nan sai haɗin murya uku, wanda makaɗa ke kira kod. Guda uku ne suke ɗauke da yawancin waƙoƙin sujada. Na fari do, mi, so, da yatsa 5, 3, 1. Na biyu do, fa, la, da yatsa 5, 2, 1. Na uku ti, fa, so, shi ma 5, 2, 1, ƙaramin yatsa ne kawai zai ja baya taki ɗaya. Kun ga hannun bai yi tafiya ba, yatsu ne suka ɗan gusa. Waƙa takan fara da na fari ta ƙare da shi, na uku kuwa shi yakan zo dab da ƙarshe. Sauran, kunne zai nuna.

Kada mai koyo ya fara da muryoyi huɗu na manyan littattafan waƙoƙi, irin na Sankey. Can kowane hannu murya biyu yake ɗauka, kowace tana tafiyarta. Shi ya karya yaran nan uku. Wanda ya kai ga karanta rubutun kiɗa yana iya neman littafin Ferdinand Beyer na masu farawa, ko na John Thompson mai suna Teaching Little Fingers to Play, na 1936. Bayan shekara guda ko fiye sai ya gwada Minuet a G da ke cikin littafin da Bach ya tara wa matarsa Anna Magdalena a 1725. An daɗe ana cewa Bach ne ya tsara ta, daga baya aka gano ta Christian Petzold ce. A gida Afirka kuma, Farfesa Kwabena Nketia na Gana ya rubuta gajerun kaɗe-kaɗe goma sha biyu domin ɗalibai, a kan salon kiɗanmu.

Wani tarko

Kibod na zamani yana da maɓallin da in ka danna, yatsa ɗaya na hagu zai tayar da ganga da jita da kome. Da daɗin ji, amma wanda ya saba da shi hagunsa ba za ta taɓa koyo ba. Na ga saurayi ya yi shekara uku yana kaɗawa a sujada, ranar da aka miƙa masa piyanon da ba shi da wannan maɓalli sai ya tsaya yana kallo. A kashe shi lokacin koyo. Shi kuwa maɓallin ɗaga murya ko sauke ta ba laifi, gama yana taimakon wanda C kaɗai ya sani ya bi muryar jama'a.

Minti 15 kowace rana sun fi awa biyu ranar Asabar. A kaɗa sannu-sannu, layi ɗaya ɗaya, dama ita kaɗai, hagu ita kaɗai, sa'an nan a haɗa. Tun da piyano ɗaya ne, kowane mai koyo ya zana haƙoran a kwali daidai girmansu ya yi ta motsa yatsu a gida. Dattawa su ba da mabuɗin majami'a ga yara biyu ko uku, mata da maza, musamman waɗanda iyayensu suka zauna a garin. A rage ƙara lokacin da maƙwabtanmu suke salla.

Ƙurar hunturu da zafin bazara na ƙasar Sakkwato ba sa barin kayan lantarki. A rufe piyanon da zane mai kauri, kada a ajiye shi a ƙasa inda ɓera da gara za su kai, ko kusa da kwanon rufi. In za a daɗe ba a kaɗa ba, a cire batir don kada ya zube a ciki. Wanda ke da batirin sola kuma ya duba ƙarfin wutar da aka rubuta a bayan piyanon kafin ya jona.

A majami'ar can, babbar cikin yaran ta raka jama'a da korus ɗaya a sujadar godiyar kaka, da haɗin murya biyu kawai. Na ukun tana kan koyonsa.