Daga Kasuwar Zango Zuwa Ɗakin Gwaji: Lamba Ba Ta Tafiya Ita Kaɗai

Idan mai saye da mai sayarwa suka daidaita a kan jaka biyar a kasuwar bakin iyaka, ciniki bai faɗa ba tukuna, sai an tambaya: jakar wa? A bakin mutumin Najeriya, jaka ɗaya naira 200 ce. A bakin mutumin Nijar kuwa, jaka ɗaya sefa 1,000 ce, wato dala 200, domin kowace dala sefa biyar ce. Kalmar ɗaya ce, lambar ɗaya ce, amma kuɗin sun sha bamban.

Mu da muka tashi a Zango, ƙaramar hukumar da ke iyaka da Jamhuriyar Nijar a masarautar Daura, mun san wannan lissafi tun muna 'yan aike. Ka ce wa yaro dala sittin, kafin ka rufe baki ya ce maka sefa 300. Amma ranar da wannan yaron ya kai aji uku na babbar sakandare aka ce ya mayar da 250 cm³ zuwa dm³, sai ka ga gumi ya karyo masa. Ƙannenmu, lissafin nan guda ne. Mu da muka ɗan riga ku shiga jami'a mun ga cewa a darasin kemistiri maki da yawa a wurin awo da juya ma'auni suke zubewa.

Yadda ake juya ma'auni

Dubi abin da kanka yake yi da dala sittin. Ka san dala ɗaya sefa biyar ce, sai ka ninka sittin sau biyar, dala ta fita, sefa ta shigo. Haka ake yi a kemistiri. Abin da za ka riƙe shi ne 1,000 cm³ daidai yake da 1 dm³, kuma 1 dm³ shi ne lita ɗaya. Don haka sai ka rubuta: 250 cm³ × 1 dm³ ÷ 1,000 cm³. Ka soke cm³ na sama da na ƙasa, abin da ya rage 0.25 dm³. Idan ka gama sokewa ka ga ma'aunin da ya rage ba shi aka tambaye ka ba, to ka kifa lissafin, sai ka sake.

Ga misalin da ya yi kama da na jarrabawa. An narkar da giram 4.0 na NaOH, wato sodar da ake haɗa sabulu da ita, aka cika ruwan ya kai 250 cm³. Nauyin mol ɗaya na NaOH giram 40 ne, saboda haka muna da mol 0.10. Raba 0.10 da 0.25, amsa ita ce 0.40 mol/dm³. Wanda ya manta bai juya ba, ya raba da 250 kai tsaye, zai samu 0.0004. Ya yi kuskure ninki dubu, kuma duk lissafin da ya ɗora a kai ya rushe.

Kuskuren da ya kashe injin jirgi a sama

Kada a ɗauka maganar maki ce kawai. Ranar 23 ga Yuli, 1983, wani jirgin kamfanin Air Canada ƙirar Boeing 767 ya ƙare da mai yana tsakiyar sararin samaniya a ƙasar Kanada. Jirgin na buƙatar kilogiram 22,300 na mai. An auna man da lita, amma wajen juyawa zuwa nauyi sai aka ninka da 1.77, wanda lissafin fam ne na awon Ingila, maimakon kusan 0.8 na kilogiram. Fam ɗaya bai kai rabin kilo ba, don haka jirgin ya tashi da man da bai kai rabin abin da yake buƙata ba. Matuƙan sun lallaɓa shi ba inji har suka sauka a wani tsohon filin jirgin soja da ke Gimli, ba a rasa rai ba. Haka kuma a watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter, saboda wani ɓangare na masu aikin ya yi lissafi da awon Ingila, ɗaya ɓangaren kuma da awon mita.

A gida ma abin yana nan. Ledar ruwan sha da muke saye an rubuta mata 50 cl, wato mililita 500, rabin lita ke nan. Idan an kawo garin gishiri da sukari na masu gudawa, wanda aka rubuta a narkar da shi a lita ɗaya, leda biyu za a zuba. Wanda ya zuba ɗaya ya ninka ƙarfin gishirin sau biyu, kuma hakan na iya cutar da yaron da ake son ceto.

Maimaita amsa daban, dacewa da gaskiya daban

A ce sikelin mai nama allurarsa tana kan giram 100 tun ba a ɗora komai ba. Ka auna tsoka ɗaya sau goma, sau goma zai ba ka amsa iri ɗaya, kuma duka goman ƙarya ne. Awon ya maimaitu, amma bai dace da gaskiya ba. Ɗalibin kimiyya yana neman duka biyun, shi ya sa ake duba sifili kafin a fara, a kuma maimaita awo.

A firaktikal ɗin WAEC da NECO, wurin da ake ɗiga asid a cikin alkali har launi ya sauya, ga abubuwan da za su tsare maka makinka:

Ɗauraye buret da asid ɗin da za ka zuba, fifet kuma da alkalin. Ragowar ruwa yana tsinka sinadarin.

Cire mazurari bayan ka cika buret, ka kuma tabbata babu kumfar iska a bakinta.

Saman ruwa a cikin buret yana lotsawa kamar ƙoƙo. Ka daidaita idonka da shi, ka karanta ƙasan lotsawar.

Rubuta lamba biyu bayan ɗigo: 24.50 cm³, ba 24.5 ba, kuma kada ka bar ma'aunin a baya.

Wajen fitar da matsakaici, ɗauki sakamakon da bambancinsu bai wuce 0.20 cm³ ba. Idan ka samu 24.90 da 24.50 da 24.40, biyun ƙarshe za ka haɗa, su ba ka 24.45.

Kada ka kwafe duk lambobin da kalkuleta ta zubo. Idan ta nuna 0.0983333, rubuta 0.0983. Amsarka ba za ta fi kayan awonka kaifi ba.

Gani ya kori ji

Duk wannan taka-tsantsan yana da tushe guda: a kimiyya ba a karɓar magana sai an gwada. Kusan shekara dubu da suka wuce, Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira, ya bi wannan hanya a littafinsa Kitabul Manazir. Wasu magabata sun ce haske daga ido yake fita ya sauka kan abu. Shi kuwa ya kafa hujja, tare da gwaje-gwaje, cewa haske daga abu yake tasowa ya shiga ido.

Kai ma za ka iya bin matakan a ƙarshen makon nan. Fara da tambaya: shin mudun gero da mudun gyaɗa mai ɓawo nauyinsu ɗaya? Rubuta hasashenka kafin ka taɓa komai. Sai gwaji: mudu ɗaya za ka yi amfani da shi, sikeli ɗaya, kuma ka shafe bakin mudun kowane karo, kada wani ya yi tozo wani ya kwanta. Abu ɗaya tak ake sauyawa, wato abin da ke cikin mudun. Auna kowanne sau uku, ka cire nauyin mudun kansa, ka rubuta abin da sikeli ya nuna ko da ya saɓa wa hasashenka.

Za ka gano cewa mudu cika yake aunawa, sikeli kuma nauyi. Daga nan ka cika mudun da ruwa ka auna: tunda lita ɗaya ta ruwa kusan kilo ɗaya ce, nauyin ruwan zai gaya maka lita nawa mudunku yake ci. Ka kai sakamakon aji ranar Litinin, ku gwama da na abokanka, ku ga ko mudun gidanku da na gidansu ɗaya ne.