Tsire da ciwon daji: laifin nama ne ko na wuta?

Duk lokacin da Babbar Sallah ta ƙarato, sai saƙon nan ya sake yawo a WhatsApp, wai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cin gasasshen nama daidai yake da shan sigari. Wasu su tsorata su tura wa 'yan uwa, wasu su yi tsaki su ce kakanninmu sun ci nama har suka tsufa. Ga abin da rahoton hukumar ya ƙunsa.

A watan Oktoban 2015 ne cibiyar binciken ciwon daji ta hukumar, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta fitar da matsayarta bayan masana 22 sun duba bincike sama da 800. Ta sanya naman da aka sarrafa, wato wanda aka adana da gishiri, hayaƙi ko sinadari, a rukuni na ɗaya, na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, inda taba take. Busasshen nama mai gishiri na cikin misalan da ta bayar, don haka kilishinmu ma bai tsira ba. Jan nama kuwa, na sa da rago da akuya, yana rukunin da ke ƙasa, na abin da ake kyautata zaton yana haddasa cutar.

A nan mutane suka kauce. Rukunin yana auna ƙarfin hujja ne, ba girman ɓarna ba. Alƙali kan tabbatar da laifin ɓarawon kaza da na ɗan fashi da shaida mai ƙarfi iri ɗaya, amma ba mai cewa ta'asarsu ɗaya ce. Alƙaluman da cibiyar ta kawo sun nuna yawan cin sarrafaffen nama na da hannu a mutuwar mutum kusan 34,000 a shekara a duniya, alhali taba na kashe kusan miliyan ɗaya ta hanyar ciwon daji kaɗai. Wanda ke cin giram 50 na irin wannan nama kowace rana, haɗarin kamuwarsa da kansar hanji kan ƙaru da kashi 18 cikin ɗari na haɗarin da yake da shi tun farko. Maganar kullum ake yi, ba tsinke biyu na daren Juma'a ba.

Abin da ya fi cancantar a kula da shi shi ne yadda nama ke haɗuwa da wuta. Tsaya gaban mai balangu ka duba. Kitse na narkewa yana ɗiga kan garwashi, harshen wuta ya tashi ya lashi naman, hayaƙi ya turnuƙe. Wannan hayaƙin na ɗauke da sinadaran da masana ke kira PAH, waɗanda ke manne wa nama, kuma akwai danginsu a hayaƙin sigari. Tsoka kuma idan ta daɗe a wuta mai tsanani har ta yi baƙi, wasu sinadaran da ake kira HCA kan samu a jikinta. Amma sai ka ji mai saye na cewa, “Malam, mayar min da shi wuta ya ƙone sosai.” A zatonsa baƙi shi ne nuna. Sau da yawa ma bayan ya ƙone, cikin bai gasu ba, musamman kaza.

Tsohuwar dabarar tukuba ta fi wayar da ake ɗorawa kan wuta hikima. Ana kafa tsinken tsire ne a kewaye da wutar, zafi ya gasa shi daga gefe, man ya gangara ƙasa maimakon ya faɗa cikin garwashi. Mai gashi a gida na iya kwaikwayon haka: ya bari gawayi ya ruru har harshen wuta ya mutu, ya yanke kitse, ya riƙa juya naman akai-akai, ya kankare inda ya ƙone. Jiƙa nama cikin lemon tsami da tafarnuwa da citta kafin gashi na rage waɗancan sinadarai. Kada a hura gawayi da leda ko kananzir sannan a ɗora nama nan take.

Wajen zaɓi, tsoka zalla ta fi tozo da kitse, kuma kaza da zabo da kifi ba sa cikin jan nama. Asusun Binciken Ciwon Daji na Duniya ya ba da shawarar kada jan naman da mutum zai ci a mako ya wuce giram 350 zuwa 500 bayan an dafa. Yawancin gidajenmu ba sa kaiwa nan sai a makon layya. Mai hawan jini kuma ya lura da yaji, domin gishiri da dunƙulen da ke ciki kan ci kaso mai yawa na giram 5 ɗin gishirin da aka ƙayyade a rana.

Akwai abin da mai saye ba shi da iko a kansa. A kwatocin wasu biranenmu har yau da tsofaffin tayoyi ake babbakar kai da ƙafa da ganda, baƙin hayaƙin ana hango shi daga nesa. Gubar da ke cikinsa ta shafe duk abin da garwashi zai iya yi. Hukumomi sun sha gargaɗi a rediyo, amma ba a cika ganin jami'in duba-gari ya tsaya a bakin ramin babbaka ba, kuma ba a samar wa mahauta gas ko itace mai rahusa da zai raba su da taya ba. Ƙananan hukumomin da ke karɓar kuɗin shiga a kwata su ya kamata su fara, su zauna da Sarkin Fawa da mutanensa kafin Sallah ta zo. Kai kuma mai saye, ka tambayi da me aka babbake gandar kafin ka biya.