Rinin da ke Tona Asirin Sanƙarau

A ƙasar Gobir an san lokacin da iyaye ke fara sa ido a kan wuyan 'ya'yansu: daga ƙurar hunturu zuwa zafin bazara, har ruwan farko ya sauka. Sabon Birni da Isa suna cikin zirin sanƙarau da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha. A 1996 cutar ta kama mutane fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000. Sai dai sanƙarau sunan ciwo ne kawai. Ƙwayoyin da ke jawo shi iri-iri ne, kuma matakin farko na bambanta su shi ne rini.

Bakteriya ba ta da launi, ko a ƙarƙashin madubin likita da ƙyar ake ganinta. A 1884 wani likita ɗan Denmark, Hans Christian Gram, ya fito da dabarar da ake bi har yau. Ana shafa ɗigon ruwan da aka zuƙo daga ƙashin bayan majiyyaci a kan gilashi, a zuba rini mai launin shunayya, a bi shi da aidin, a wanke da sifirit, sannan a ƙara jan rini. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin marina zai gane sauran: wani yadin yana riƙe baba, wani yana zuba. Ƙwayar da bangonta ke da kauri takan riƙe shunayyar. Mai siririn bango, wadda ke da ƙarin fata mai maiƙo a waje, sai ta sake shi ta ɗauki ja. Meningokokas, mai haddasa manyan annoba, tana fitowa ja, biyu-biyu kamar wake da aka tsaga. Nimokokas kuwa, wata ƙwayar mai jawo sanƙarau, shunayya take fitowa. Aikin na 'yan mintoci ne.

Wani zai ce, tunda allurar ceftriaxone tana maganin dukansu, meye amfanin wahalar? Yana da gaskiya ta fuska ɗaya: ba a jinkirta wa yaro magani don jiran sakamako. Amma wannan lissafin mutum ɗaya ne, annoba kuwa ta gari ce. Meningokokas tana sanye da riga ta sukari, kuma da wannan rigar ake raba ta zuwa rukunai irin su A, C, W, X da Y. Rigar ce rigakafi ke koya wa jiki ya gane. Allurar MenAfriVac da aka fara a Nijar, Mali da Burkina Faso a 2010 ta kusa shafe rukunin A, sai ga sabon nau'in C ya ɓulla a jihar Sakkwato a 2013, ya addabi Nijar a 2015, ya kuma kashe fiye da mutum 1,100 a Najeriya a annobar 2017 da ta fi tsanani a Zamfara da Sakkwato. Wanda aka yi wa rigakafin A bai tsira daga C ba. Shi ya sa a 2024 Najeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da allurar Men5CV mai karewa daga rukunai biyar ɗin. Rini ba ya faɗin rukuni, gaskiya ne, amma shi ke nuna ko meningokokas ce ake fama da ita tun kafin a aika samfuri gaba.

A nan ne nisa ke zama matsala, domin wannan ƙwaya da ke kayar da ƙato cikin kwana ɗaya raguwa ce a wajen jiki. Ɗumin jikin mutum take so, sanyin firji na kashe ta, kuma a ɗakin gwaji sai an shuka ta a kan abincin da aka haɗa da dafaffen jini. Ko abin da take ci shaida ne: tana narka sukarin gulukos da maltos, alhali 'yar uwarta mai jawo ciwon sanyi gulukos kaɗai take iyawa. Samfurin da ya yi sa'o'i a hanyar Sakkwato, hanyar da 'yan bindiga suka hana sakat, yakan isa ƙwayoyin sun mutu. Gilashin da aka rina a Sabon Birni ko Isa ba ya buƙatar ƙwayar da ranta. Abin da ke ɓata shi tun daga gida yake: kafso ɗin da aka saya a kemis aka ɗura wa yaro kafin a kai shi asibiti yana iya rage ƙwayoyin har madubi ya kasa ganinsu, ba tare da ya warkar da shi ba.