Hanyoyin ajiya biyar, babu wadda ta yi rana

A daren 31 ga Janairun 2017, wani injiniya a kamfanin GitLab, inda masu rubuta manhaja daga ko'ina a duniya ke ajiye ayyukansu, yana ta fama da wani rumbun bayanai na biyu da ya ƙi tafiya daidai da babban rumbun. Dare ya yi, gajiya ta kama shi. Ya rubuta umarnin rm -rf don ya share wata folda a na'ura ta biyu, ashe a kan babbar na'urar yake. Kafin ya farga ya tsayar, cikin kusan gigabait 300 abin da ya rage bai kai 5 ba.

Haka baƙin allon umarni yake. Ba ya tambayar ka ko ka tabbata, ba shi da kwandon shara da za ka koma ka tono.

Sharewar ma da sauƙi a kan abin da aka gano daga baya. Kamfanin na da hanyoyin ajiya har biyar, amma da aka duba, wata ba ta aiki, wata ba a ma kunna ta ba. Umarnin pg_dump da ya kamata ya riƙa kwafar rumbun kullum na sigar 9.2 ne, rumbun kuwa PostgreSQL 9.6 ne, don haka duk lokacin da ya tashi sai ya faɗi. Saƙonnin imel da ke kai rahoton faɗuwar kuma ba sa isa wurin kowa. An yi ta zaton akwai hatsi a rumbu, alhali babu wanda ya taɓa ɗaga murfi ya leƙa. Wani kwafi da aka ɗauka da hannu sa'o'i shida kafin haɗarin shi ya cece su. Maido da shi ya ci kusan sa'o'i 18, an kuma rasa bayanan ayyuka kusan 5,000 da sababbin asusu kusan 700.

Kayan aikin ajiya irin su tar da rsync ba su da laifi, tsofaffi ne kuma amintattu. Umarnin tar ya fito tun 1979, zamanin ajiya a kaset, har yau kuwa tar -czf yana ƙunshe folda guda cikin fayil ɗaya matsattse. Shi kuma rsync, wanda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996, abin da ya canza kawai yake aikawa. Duk mai sayen data da kuɗinsa ya san darajar wannan.

Sai dai rsync na da tarko. Idan ka ƙara masa --delete, duk abin da ya ɓace a asali zai share shi a kwafi. Ka goge fayil bisa kuskure da rana, cron, mai tada ayyuka a lokacin da aka tsara, ya tada aikin da tsakar dare, kafin asuba kuskuren ya isa ma'ajiya. Shi ya sa ake fara gwadawa da -n, ya nuna abin da zai yi ba tare da ya taɓa komai ba, ake kuma riƙe kwafin kwanaki daban-daban, ɗaya a wani gini dabam.

A ganina aikin da aka fi yi wa ƙyuya shi ne gwajin maidowa, ga shi kuma bai da wuya. Umarnin tar -tzf zai jero maka abin da ke cikin ƙunshin. Ka buɗe folda fanko, ka kwance shi ciki da tar -xzf, sannan ka sa diff -r ya kwatanta shi da na asali. In bai rubuto komai ba, sun dace ke nan.